Aikin sa-kai na kare namun daji a waje: ina mai fasfo ɗin Najeriya zai dosa?

Tambaya: Na gama digiri a fannin nazarin halittu, na kuma gama bautar ƙasa. Ina so in fita waje in yi aikin sa-kai na kare namun daji, ko na wata biyu ne. Amma duk tallan da nake gani a Facebook da Instagram kuɗi suke nema, wasu har da hoton Turawa suna ba 'ya'yan zaki madara a bulumboti. Abin nan gaskiya ne kuwa? Ina zan dosa, kuma idan na je me zan riƙa yi takamaimai?

Amsa: Ƙanena, mu fara da hoton zakin nan, don shi ne ya fi cinye wa mutane kuɗi. A Afirka ta Kudu akwai gonaki da ake kiwon zakuna a keji, dubbai. Zakanya na haihuwa sai a raba ta da 'ya'yanta cikin 'yan kwanaki, domin ta yi saurin sake ɗaukar ciki. Su kuma 'ya'yan a miƙa wa 'yan sa-kai, a ce musu marayu ne, wai idan sun girma daji za a sake su. Zakin da ya tashi a hannun mutum bai iya farauta ba, ba ya kuma tsoron mutum, don haka babu gandun dajin da zai karɓe shi. Ƙarshensa a sayar wa mai kuɗi ya harbe shi a cikin shinge, ƙasusuwan kuma a yi Asiya da su. A 2021 gwamnatin ƙasar da kanta ta ce za ta kawo ƙarshen wannan kiwo. To ka riƙe wannan ma'auni: duk wurin da zai bar ka ka rungumi naman daji, ko ka hau bayan giwa, ko ka ɗauki hoto kunci da kunci da damisa, kasuwa ce, kai ne kuma hajar. Wuraren ceto na ƙwarai, irin su Limbe a Kamaru da Tacugama a Saliyo masu kula da manyan birai, sai sun ga takardar gwajin tarin fuka kafin su karɓe ka, kuma yawancin yininka a yankan 'ya'yan itace da wankin keji zai tafi.

Biyan kuɗi shi kaɗai ba ya nuna damfara. Ƙaramar ƙungiya ba ta da rarar da za ta ciyar da baƙon da bai iya komai ba tukuna, ta ba shi makwanci da ruwa, ta kuma ware ma'aikaci ya koya masa aiki. Abin dubawa shi ne aljihun da kuɗin zai faɗa. Yawancin masu tallan nan dillalai ne da ke zaune a Turai ko Amurka, su yanki kaso mai tsoka, su tura wa masu aikin ragowar. Ka tsallake su, ka rubuta wa ƙungiyar da ke bakin aikin kai tsaye. Ka tambaye su rahotonsu na shekara, da hukumar da ta ba su izinin taɓa dabbar, da wanda ake miƙa wa bayanan da ake tattarawa, da yawan 'yan ƙasar da suke biya albashi. Mai aikin gaskiya zai amsa maka duka a saƙo ɗaya. Kuɗi kuma asusun ƙungiya ake turawa. Da zarar an ba ka asusu mai sunan mutum, ka ja da baya.

Sai maganar inda za ka dosa. Shawarata Kabo Berde, wajen kunkurun teku. A tikiti da taswira za ka ga an rubuta Cabo Verde ko Cape Verde. Tsibirai goma ne a tekun Atilantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar, kuma ƙasar tana cikin ECOWAS, saboda haka ɗan Najeriya ko ɗan Gana zai iya shiga ba biza har kwana 90. Ga wanda ya san wahalar layin ofishin jakadanci, wannan kaɗai ya isa dalili. Na biyu, aikin na buƙatar mutane da gaske, ba ƙirƙiro shi aka yi don a ba baƙi abin yi ba. Kunkurun da ke zuwa can shi ne mai ƙaton kai, wanda masana ke kira Caretta caretta, kuma Kabo Berde na cikin wurare uku mafiya girma a duniya da yake zuwa saka ƙwai, tare da Filorida a Amurka da Oman. A 2007 an yanka matan kunkuru sama da dubu a tsibirin Boa Vista kaɗai. Daga nan aka fara sintirin dare gadan-gadan, a 2018 aka yi dokar da ta mayar da kisansa da cin namansa laifi, zuwa 2020 kuma ramukan ƙwan da aka ƙirga a ƙasar sun kai kusan 200,000. Ƙungiyoyin da suka daɗe a wurin sun haɗa da Turtle Foundation da BIOS.CV da Cabo Verde Natura 2000 a Boa Vista, Projeto Biodiversidade a tsibirin Sal, da Fundação Maio Biodiversidade a tsibirin Maio.

Kada “ba biza” ta ruɗe ka. Jami'an shige da fice na can suna tsananta wa 'yan Afirka ta Yamma tambaya, don sun saba ganin masu mayar da tsibiran matakalar shiga Turai, kuma suna mayar da mutum a jirgin da ya kawo shi. Ka riƙe tikitin dawowa, da wasiƙar gayyata mai hatimi da lambar wayar wanda zai ɗauka idan an kira, da adireshin masauki, da shaidar kuɗin guzuri, da katin allurar shawara. Duka a buge a takarda, ba a waya ba. Hanya kuma ka nemi ta Dakar ko Kazablanka. Tikitin da ya bi ta Lisbon kan fito da araha, amma ɗan Najeriya da ɗan Gana sai da bizar yada zango za su sauka a filin jirgin Turai, ko da ba za su fita waje ba; ba ka da ita, tun daga Legas ko Abuja za a hana ka hawa. Kuɗin ƙasar eskudo ne, an ɗaure shi da yuro, yuro ɗaya eskudo 110 da 'yan kai. Ka riƙe yuro a hannu, kada ka dogara da katin naira.

Yanzu ga aikin. Lokacin saka ƙwai daga Yuni ne zuwa Oktoba, ya fi cika a Agusta da Satumba, ƙyanƙyasa kuma takan kai har Disamba. Da dare ake yi. Ana raba mutane biyu-biyu ko uku-uku, kowane rukuni da shugabansa da yankin gaɓarsa, wasu daga bayan isha zuwa tsakar dare, wasu daga nan zuwa wayewar gari. Za ka yi ta kai-kawo a cikin yashi mai nutsa ƙafa, a duhu, sanye da baƙaƙen kaya, ba hira da ƙarfi, ba sigari, ba hasken waya. Tocilar goshi mai jan haske kaɗai aka yarda da ita, ita ma sai lokacin rubutu ko awo, domin kunkurun teku bai cika damuwa da jan haske ba, farin haske kuwa korar sa yake yi.

Abin da za ka fara gani sawu ne, baƙin layi daga bakin ruwa zuwa tudu, kamar an gangara da tayar tarakta. Sawu ɗaya yana nufin macen kunkurun tana kan tudu, sai ku durƙusa ku jira. Sawu biyu, ta hau ta sauka, saura ku gano ko ta saka ƙwai ko fasawa ta yi. Nan ne sabon shiga ya fi yin ɓarna. Daga fitowarta har ta gama haƙa a tsorace take. Motsi kaɗan a gabanta ya isa ta juya ta koma ruwa. Idan aka yi ta korar ta dare bayan dare, ƙarshenta ta saka a wurin da bai dace ba, ko ta zubar da ƙwan a teku, su lalace. Don haka shugaban rukuni kaɗai ke rarrafawa ta bayanta ya duba. Da farko takan share wuri da ƙafafun gaba masu kama da filafilin kwalekwale, sannan ta haƙa ramin ƙwai da na baya, ɗaya bayan ɗaya, tana ɗebo yashi kamar da ludayi, har ramin ya kai zurfin kimanin santimita 45 zuwa 50, bakinsa tsukakke, cikinsa da faɗi kamar tulu. Sai ƙwai sun fara faɗawa take natsuwa, sannan ne ake matsowa.

Kuna da kamar minti goma zuwa ashirin. Mutum ɗaya ya kwanta rub da ciki a bayanta yana ƙirga ƙwai, waɗanda sukan kai 80 ko ɗan fiye. Girmansu kamar ƙwallon tebur, ɓawonsu kuma taushi gare shi kamar fata, shi ya sa ba sa fashewa idan sun faɗa kan juna. Wani ya auna ƙoƙon bayanta da tef irin na tela, tsawo daga kwarmin wuya zuwa ƙarshen baya a bisa lanƙwasar ƙoƙon, sannan faɗi a inda ya fi faɗi. Na Kabo Berde ba su cika girma ba, yawanci wajen santimita 80. A bi kafaɗarta da na'urar karanta lamba a ga ko an taɓa sa mata 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata. Idan babu, ƙwararre ne zai sa mata bayan ta gama sakawa, ba kai ba. A rubuta lamba, da lokaci, da wurin a GPS, da duk rauni ko ƙugiya ko matsattsaku da aka gani a jikinta. Mace ɗaya takan dawo sau uku zuwa biyar a shekarar, tsakani kamar mako biyu, sannan ta ɓace shekara biyu ko uku, kuma da lambar nan ake gane haka. Lamba ɗaya da ka rubuta ba daidai ba saboda gyangyaɗi ta mayar da kunkuru ɗaya biyu a lissafi. Shi ya sa mai awo yake faɗa, mai rubutu ya maimaita masa kafin ya rubuta. Kada hannunka ya kusanci bakinta, muƙamuƙin da ke farfasa ƙaguwa da dodon koɗi ba zai ji yatsa ba. Idan ta fara rufe rami kuma ka kauce, yashin da take watsawa yana cika ido.

Sai batun kwashe ƙwai, wanda shi ne aiki mafi laushi. Asali a bar su inda uwar ta zaɓa. Ana kwashewa ne idan ramin ya yi kusa da ruwa har igiya za ta riƙa shanye shi, domin ɗan da ke ciki ta ɓawo yake numfashi, ruwa ya kwanta a kai ya mutu. Ko idan ƙasar wurin yumɓu ce, kamar a wasu gaɓoɓin Boa Vista. Ko yana gaban otal mai fitilu, kamar a Santa Maria da ke Sal. Ko inda karnuka ke tono. Lokaci shi ne komai. 'Yan sa'o'i bayan sakawa ɗan tayin yakan manne a saman ɓawon ta ciki, daga baya ma har farin tabo yake fitowa a wurin. Da ya manne, juya ƙwan ko girgiza shi yana yanke shi, ƙwan ya mutu alhali a ido lafiya lau yake. Don haka a daren ake kwashewa, da wuri-wuri, kada a kai sa'a goma sha biyu. Safar hannu mai tsabta, babu maganin sauro ko man shafawa a hannu, a ɗauko ɗaya-ɗaya yadda yake zaune ba tare da juyawa ba, a jera a bokiti ko jaka a kan damshin yashin ramin. A tafi da shi a hankali, ba a lilo da bokitin. A wurin ƙyanƙyasa, wanda fili ne da aka kewaye da raga a tudun gaɓa, a haƙa sabon rami da hannu daidai zurfi da siffar na asali, a jera ƙwan, a rufe da damshin yashi tukuna, busasshe daga baya. Busasshen yashi a jikin ƙwai yana tsotse masa ruwa.

Zurfin nan ba don ado ake auna shi ba. Zafin yashi ne ke yanke ko ɗan zai zama namiji ko mace. A wajen digiri 29 rabi da rabi ake samu, sama da haka mata sun fi yawa, ƙasa da haka maza. Ramin da bai kai zurfi ba ya fi zafi, baƙin yashi ma ya fi fari zafi, idan kuma zafin ya wuce kima ƙwan ne ke mutuwa gaba ɗaya. Tuni mafi yawan 'ya'yan da ake ƙyanƙyashewa a tsibiran mata ne, don haka kuskuren santimita goma a hannunka yana ƙara wa Borno dawaki.

Bayan kwana 50 zuwa 60 za ka ga saman ramin ya ɗan lotsa, alamar sun fasa suna haurowa. Tun kafin nan an kifa 'yar raga a kai, ana dubawa sau da yawa cikin dare. Sukan fito tare, da dare, idan yashi ya huce, kowanne bai cika tafin hannu ba. A ƙirga su, a auna kaɗan daga ciki, a kai su gaɓa mai duhu a sake su 'yan mitoci daga bakin ruwa su rarrafa da kansu. Ba a jefa su cikin ruwa, ba a ajiye su a bokitin ruwa, ba a kuma riƙe su sai safiya don baƙi su ɗauki hoto. Ɗan ƙarfin da suka fito da shi daga gwaiduwa na iyon kwana ɗaya ko biyu ne zuwa zurfin teku, duk abin da suka ƙona a bokiti ya tafi ke nan. Su haske suke bi, kuma a gaɓar da babu gini teku ya fi tudu haske. Inda akwai fitilar otal sai su juya baya su nufi titi, rana ta same su, ko ƙaguwa ta ja su rami. Da asuba za ka bi sawunsu ƙanana ka tsinto waɗanda suka ɓata. Ƙiyasin da aka saba ji shi ne ɗaya cikin dubu ke kai girma, girman kuma sai bayan shekara ashirin ko fiye.

Kwana biyu ko uku bayan fitowarsu a tone ramin, wannan kuma ba ya cikin hotunan talla. Za ka ware ɓawon da aka fita daga ciki, ana ƙirga wanda ya fi rabi ne kawai don kada a ƙirga ƙwai ɗaya sau biyu. Waɗanda ba su fashe ba ka fasa su ɗaya-ɗaya ka duba a wane mataki ɗan ya mutu. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ne da tsutsa, wani lokaci kuma ka tarar da mai rai a ƙasa ya maƙale. Ɓawo 60 cikin ƙwai 80 ya ba ka kashi 75 cikin ɗari, da wannan lissafi ake sanin ko kwashewar ta yi amfani. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci.

Game da mafarauta, aikinka a gan ka a gaɓa ne kawai, ganin mutane shi ke hana su. Idan ka ga kunkuru a kife, ko sawun ja, ko sawun jaki ya nufi tudu, ka sanar da shugaba ta rediyo. Ba ka bin kowa, ba ka ɗaukar hoton fuskar kowa. Wannan na masu gadi 'yan ƙasa ne da 'yan sanda, a Boa Vista har da karnuka masu sansano nama da jirage marasa matuƙi. Ka kuma kama bakinka a ƙauye. Tsibirai ne da suka sha fari da yunwa, naman kunkuru ya daɗe cikin abincinsu, mai gadin da kuke sintiri tare ta yiwu ɗan'uwan mafaraucin ne, ko shi ma tsohon mafarauci ne. Wanda ya tashi a garin da ke da sarkin baka bai kamata a yi masa dogon bayani a nan ba.

Abin da ke kayar da mutane ba nisan tafiya ba ne, rashin barci ne. Ka kwana kana tafiya, ka dawo tanti, kafin hantsi ya zama tanda. Kafin ka tafi ka yi wata guda kana tafiyar kilomita goma a rana. Ka tafi da takalmi rufaffe da safa, dogon wando baƙi, rigar sanyi mara nauyi don iskar asuba, gorar ruwa ta lita biyu, gishirin ORS, batura, da agogon hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairun 2024 cewa ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, amma a shekarar an yi fama da zazzaɓin dengi, wanda shi ma sauro ke yaɗawa, don haka gidan sauro na nan a lissafi. Ka sabunta allurar tetanos, ka sayi inshorar lafiya wadda ta haɗa da ɗaukar mara lafiya a jirgi, domin manyan asibitoci suna Praia, babban birnin ƙasar, da birnin Mindelo, ba a Boa Vista ko Maio ba. Idan ba ka iya iyo ba ka faɗa, kuma kada ka shiga ruwa, igiyar wasu gaɓoɓin tana janye har gwanaye.

Yawancin mutanen ƙasar Katolika ne. Abincinsu na yau da kullum kachupa, dafaffen masara da wake, sau da yawa da naman alade a ciki, don haka tun a takardar neman gurbi ka rubuta cewa kifi da ganye kake ci. Sansanonin sun saba da masu ƙin nama. Ruwan daɗi a sansani da jarka ake kawo shi, ana kuma auna shi, amma ruwan teku yana alwala, ga shi a gabanka. Asuba za ta riƙa samunka a bakin aiki, ka gaya wa shugaban rukuni tun ranar farko, minti biyar ba ta gagara, sai dai idan kunkuru na tsakiyar saka ƙwai, wannan kam ka ƙarasa ƙirga tukuna. Maza da mata tare suke aiki, wani wurin tanti ma a haɗe, ka tambaya kafin ka biya. A Sal da Boa Vista akwai 'yan Senegal da Gini Bisau masu aiki da kasuwanci, ta wajensu za ka sami masallaci ranar hutu.

Neman gurbi a farkon shekara ake yi, kafin Afrilu guraben Agusta sun fara cika. Akwai hawa biyu. Ɗan sa-kai na gajeren zama yakan biya gudummawa ta mako-mako. Mataimakin aikin fili kuwa yakan zauna wata uku zuwa biyar, ana ba shi makwanci da abinci, wasu wuraren har da ɗan alawus, amma ana son wanda ya taɓa aikin fili, zaman da ya wuce kwana 90 kuma sai ƙungiyar ta taimaka da takardar zama. Da digirinka wannan hawa ya kamata ka sa wa ido, ko da sai ka fara da wata ɗaya a na farkon. Kafin nan ka tara abin rubutawa daga gida: ƙirgar tsuntsaye a dausayin Haɗeja da Nguru, ko aiki da cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, ko Yankari, duk inda za ka koyi riƙe GPS da cike takardar bayanai ba kure. Ka koyi Fotugis na gaisuwa da ƙirga, domin masu gadi Kiriyol suke yi, harshen ƙasar da ya samo asali daga Fotugis, lambobin awo kuma da harshensu za su faɗa maka a duhu.

Ranar dawowa ka karɓi wasiƙa mai faɗin kwanakin da ka yi da irin ayyukan da ka iya, ita ce za ta yi maka rana wajen neman digiri na biyu ko aiki. Kada ka sa ko ɓallin ƙoƙon kunkuru ko ɓawon ƙwai a jaka da sunan tsaraba, ko da a yashe ka tsince shi. Duk kunkurun teku yana sahun farko na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji masu fuskantar ƙarewa, fita da wani sashe nasa ba izini laifi ne a filin jirgin can da na nan.